Ɗauri da Horo Mai Tsanani: Tarihin Ƙofar da Doka Ta Bari a Buɗe

Duk mai bin labaran kotuna, a Accra yake ko a Kano, kunnensa ya saba da jimlar da ake rufe hukunci da ita: an ɗaure wane shekara kaza tare da horo mai tsanani. Saboda yawan jin ta, ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da take nufi ba. A doka, ma'anarta ita ce hukuma ta sami ikon sa mutum aiki ko yana so ko ba ya so, kuma ta hukunta shi idan ya ƙi. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake kira aikin tilas.

Kundin tsarin mulkin Gana na 1992, a sashe na 16, ya haramta bauta, ya kuma haramta tilasta wa kowa yin aiki. Sai dai a cikin sashen nan ɗaya, ya lissafa ayyukan da ba za a kira su aikin tilas ba, kuma na farko a jerin shi ne aikin da hukunci ko umarnin kotu ya wajabta. Kundin Najeriya na 1999 ya faɗi kusan haka a sashe na 34. Ke nan a ƙasashen biyu sa mai laifi aiki halal ne a idon doka. Abin da ya kamata a sani shi ne inda wannan togaciya ta fito, da su wa aka fi shigarwa ta wannan ƙofa. Tarihin zangunan Accra, daga Tudu da Adabraka zuwa Nima da Maamobi, yana da abin faɗa a kai, domin mutanen zango sun tsaya a ɓangarorin ƙofar biyu: sun tsare, an kuma tsare su.

Kafin zuwan Turawa

Ƙasar Hausa ta san kurkuku tun kafin Bature ya zo. Akwai sarautar Yari, kuma daga gare ta aka sami sunan gidan yari. Amma a tsarin shari'ar da ake bi a masarautu, ɗauri ba shi ne babban hukunci ba. Ana yin haddi, ana biyan diyya, ana yin bulala, ana cin tara. Gidan yari ya fi zama wurin ajiye wanda ke jiran shari'a, ko mai taurin bashi, ko wanda sarki ke tsoron tawayensa. Wuri ne mai muni ƙwarai, kuma mutane da yawa sun mutu a cikinsa, sai dai ba a gina shi don ya samar wa hukuma da ma'aikata ba. Dalili a fili yake: aikin da ake bukata a gandu da fada bayi ne ke yin sa.

A fikihu, laifi ba ya mayar da ɗa bawa. Malam Ahmad Baba na Timbuktu, a fatawarsa ta 1615, ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen da bai halatta a bautar da mutanensu ba. An sha keta wannan ƙa'ida a aikace, amma tana nan a rubuce. A bakin teku kuwa, a zamanin cinikin bayi zuwa Amurka, al'amarin ya ɗauki wata hanya. Da farashin mutum ya tashi, laifuffukan da a da tara ke kashe su suka koma hujjar sayar da mai laifi, har da mai bashin da ya kasa biya. Tun a wannan lokaci aka ga cewa idan hukunci yana kawo riba, laifi ba ya ƙarewa.

An sayar da kare an sayi biri

A gaɓar tekun Accra, garin da Hausawan zango ke kira Ankara, akwai ganuwoyi biyu da ke kusa da juna. Ussher Fort 'yan Holan ne suka gina ta a 1649, ta koma hannun Ingilishi a 1868. James Fort kuwa Ingilishi suka gina ta a 1673. Duka biyun an tsare bayi a cikinsu kafin a loda su a jiragen ruwa. Da cinikin ya mutu, ba a rushe ɗakunan ba, sai aka mayar da su kurkuku. Ussher Fort ta ci gaba da zama gidan yari har 1993, James Fort kuma har 2008.

A watan Disamba na 1874, bayan yaƙin da Ingilishi suka yi da Asante, Gwamna George Strahan ya fitar da dokokin da suka haramta cinikin bayi, suka kuma soke matsayin bawa a yankin da ake kira Gold Coast. Nan take gwamnati ta ci karo da matsalar da kowace hukuma da ta soke bauta ta ci karo da ita: wa zai ɗauki kaya, wa zai share hanya, wa zai fasa dutse? Baitulmalin mulkin mallaka ba shi da kuɗin biyan lada mai tsoka, mutane kuma sun fi son gonakinsu da fataucinsu.

Amsar ta zo ta hanyar dokoki, ɗaya bayan ɗaya. A 1876 aka yi dokar gidajen yari da aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1865. A 1877, shekarar da hedikwata ta tashi daga Cape Coast ta koma Accra, aka yi dokar ubangida da bara, wadda ta mayar da karya yarjejeniyar aiki laifi. Leburan da ya gudu daga wurin aiki yana iya fuskantar tara ko ɗauri, a can kuma zai yi aikin da ya guda, wannan karon ba lada. A 1894 dokar hanyoyi ta ba sarakuna ikon fitar da maza aikin gyaran hanya, wanda ya ƙi kuma a hukunta shi. A 1895 aka yi dokar aikin dole domin samun masu dako zuwa Kumasi a yaƙin da ake shirin yi.

A Ingila, horo mai tsanani na wancan zamani yakan zama aikin banza da gangan: a sa fursuna ya yi ta juya wani ƙarfe da ba ya niƙa komai, ko ya ɗauki dunƙulen ƙarfen igwa daga nan ya ajiye can, ya sake dawo da shi. Manufar ita ce a gajiyar da shi. A ƙasashen mulkin mallaka irin wannan wasa da ƙarfi bai yi kasuwa ba, domin gwamnati tana bukatar guminsa. Saboda haka sai aka riƙa fitar da fursunoni ayari-ayari, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, suna sharar titi, suna yankan ciyawa, suna ɗebo ruwa, suna ɗaukar bokitin bayan gida. Gari ya tsabtatu a farashin tuwon fursuna.

Su kuwa masu cika ayarin, ba duka ne ɓarayi ko masu kisa ba. Dokokin tsabtar gari sun ba ma'aikatan duba-gari, waɗanda mutanen Accra ke kira tankas ko saman-saman, ikon shiga gida su leƙa randa. Idan aka ga tsutsar sauro a ruwa, sai sammaci, sai tara. Mai hali ya biya ya koma gida. Mara hali ya biya da kwanakinsa. Unguwannin baƙi da talakawa, inda ba famfo sai ajiyar ruwa a tulu, su ne suka fi shan wannan ziyara.

Mai tsaro da wanda ake tsaro

A nan ne tarihin Hausawan Accra ya shigo. A 1863, a Legas, Kyaftin John Glover ya kafa rundunar da aka sani da sunan Hausawan Glover, kuma da yawa daga cikin mutanenta bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Ya zo da su Gold Coast a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, ya kuma ƙara ɗibar wasu a can. A 1879 aka kafa wa yankin rundunarsa ta dindindin. Sunan Hausa ya bi ta, ko da yake a cikinta akwai Zabarmawa da Mosawa da Dagwamba da Gurunsawa da sauransu. Hausa ce harshen bariki, shi ya sa aka haɗa su duka a suna ɗaya. Daga cikin waɗannan sojoji da tsofaffinsu aka riƙa samun 'yan sandan rakiya da masu tsaron fursuna. Mutumin da ya tsere wa bauta da ƙafarsa, shi ne aka ba kulki ya kora wani zuwa aikin dole.

Harshen Hausa ya riƙe shaidar wannan. Yari da kurkuku tsofaffin kalmomi ne. Fursuna da lebura da sammaci baƙi ne, tare da Bature suka zo. Ganduroba kuwa, kamar yadda masu nazarin aron kalmomi suka nuna, ta fito ne daga Turancin da ke nufin mai kora ayarin 'yan aiki. Wato Bahaushe bai fara sanin wannan ma'aikaci a matsayin mai riƙe da makullin ɗaki ba, ya san shi ne a bakin titi, yana tafe bayan fursunoni.

A ɗaya ɓangaren, zangon nan shi ne masaukin baƙon da ba shi da dangi a gari. Adabraka ta kafu ne bayan annobar da ta afka wa Accra a 1908, kuma ana cewa sunanta daga kalmar albarka ya fito, wadda fatake ke faɗa wajen ciniki. Malam Bako, ɗan Malam Na'ino, ya kafa Sabon Zongo a wajajen wannan lokaci. Nima ta biyo baya a farkon shekarun 1930, a filin da Malam Amadu Futa ya samu daga iyalin Odoi Kwao. Waɗanda suka cika waɗannan unguwanni 'yan ci-rani ne: masu dako, masu gadi, leburorin tasha da na kwata. Wasu sun baro arewacin Gold Coast ne suna gudun sarakunan da gwamnati ke matsa wa su tara mata samari don mahaƙar zinariya ta Tarkwa da Prestea da aikin layin dogo. Irin wannan baƙo, idan ya shiga hannu, ba shi da lauya, ba ya jin Turancin kotu, kuma in ba maigidan da ya sauke shi ko sarkin zango ya tsaya masa ba, ba mai biya masa tara.

Abin da ya faru a ƙasar Hausa bai bambanta sosai ba. Sanarwar Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba ta saki bayin da ke hannu ba. An bar su su fanshi kansu ta hanyar murgu, wanda ya gudu kuma ana iya kama shi da laifin zaman banza. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Layin dogo daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911, an gina shi da mutanen da hakimai da dagatai suka tara bisa umarni. Gidajen yarin En'e kuma suka zama rumbun ma'aikata na share kasuwa da gyaran ganuwa da hidimar gidajen manya, har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe su.

Abin da aka rubuta a Jeniba

A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 29 a kan aikin tilas. Ta fassara shi da duk aikin da aka karɓa daga mutum bisa barazanar hukunci, ba tare da ya miƙa kansa da son rai ba. Sannan ta ware abubuwa biyar: aikin soja, wajiban ɗan ƙasa na yau da kullum, aikin gaggawa lokacin yaƙi ko bala'i, ƙananan ayyukan gayya na gari, da aikin wanda kotu ta sama da laifi. Manyan ƙasashen da suka zauna a teburin su ne masu mulkin mallaka, kuma kowace togaciya ta dace da wata bukatarsu. Ta ƙofar yaƙi ce aka yi ɗiban gwamna tsakanin 1942 da 1944, lokacin da aka kwashi mutane wajen dubu ɗari daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, bayan Japan ta ƙwace Malaya. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da dama. A Nijar da sauran ƙasashen renon Faransa, aikin dole bai faɗi ba sai da dokar da Houphouët-Boigny ya gabatar ta wuce a watan Afrilu na 1946.

Duk da haka, yarjejeniyar ta ɗaura wa aikin fursuna sharuɗɗa masu nauyi. Dole ne kotu ce ta same shi da laifi. Dole ne aikin ya kasance ƙarƙashin kulawar hukuma. Kuma ba a yarda a ba da hayarsa ga wani mutum ko kamfani ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe darasi ne da aka koya daga wurare irin su Amurka. Gyara na 13 ga kundin tsarin mulkinta, na 1865, ya soke bauta amma ya togace hukuncin laifi. Jihohin kudu suka ƙirƙiro dokokin zaman banza, suka kama baƙaƙen fata da aka 'yanta, suka ba da hayarsu ga masu gonaki da mahaƙar kwal. A 1871 wata kotu a Virginia ta ayyana fursuna a matsayin bawan jiha. Alabama ba ta daina wannan haya ba sai 1928. W.E.B. Du Bois, wanda ya yi rubutu a 1901 yana nuna cewa tsarin nan ɗiyan bauta ne, a Accra ya rasu a 1963, kuma kabarinsa yana unguwar Cantonments, inda hedikwatar hukumar gidajen yarin Gana take. Har yau Amurkawa na jayayya a kan wannan togaciya: Colorado ta cire ta daga kundinta a 2018, Alabama da Tennessee da Oregon da Vermont suka bi a 2022, masu zaɓe a Kalifoniya kuwa suka ƙi cirewa a 2024.

Wani abin lura shi ne Ingila da kanta ta soke hukuncin horo mai tsanani a gida da dokar 1948. A ƙasashen da take mulka ta bar shi.

Bayan 'yancin kai

Kwame Nkrumah ya ɗanɗani James Fort. An ɗaure shi a 1950 bisa laifin tunzura yajin aiki da cin amanar hukuma, ya riƙa aika wa jam'iyyarsa saƙo a rubuce a kan takardar bayan gida, aka sake shi ranar 12 ga Fabrairu 1951 bayan ya ci zaɓe yana tsare. A Arewacin Najeriya, 'yan NEPU irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha shiga gidajen yarin En'e saboda siyasa. Irin waɗannan shari'o'i a sassan duniya suna cikin abin da ya sa aka yi yarjejeniya ta biyu, mai lamba 105, a 1957, wadda ta hana amfani da aikin dole wajen hukunta ra'ayin siyasa ko yajin aiki, ko da kotu ce ta yanke.

Gana ta amince da yarjejeniya ta 29 a 1957, da ta 105 a 1958. A cikin 1958 ɗin nan kuma majalisarta ta yi dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, kuma a ƙarƙashinta J.B. Danquah ya rasu a kurkukun Nsawam a watan Fabrairu na 1965. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 1960 ta ce ɗauri yana tafe da horo mai tsanani, sai dai idan bai kai shekara uku ba kuma kotu ta ga damar ɗauke shi. Abin da uwargijiya ta yar a 1948, 'yantacciyar ƙasa ta ɗauka ta rubuta da hannunta.

Ma'aunin da ya rage

Ba wanda ke cewa fursuna ya zauna hannu rabbana. Zaman kashe wando a ɗaki mai cunkoso azaba ce da ta fi aiki, kuma fursunoni da yawa suna roƙon a fitar da su gona don su sha iska. A gefen Maamobi, ta wajen Roman Ridge, akwai sansanin James Camp da gidan horar da yara masu laifi, inda ake koyar da kafinta da ɗinki da sauran sana'o'i. Wanda ya fito da sana'a a hannunsa ya ci riba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun amince da aikin fursuna, da sharaɗin kada ya zama azabtarwa, kada ya zama don amfanin wani ganduroba, kuma a biya lada gwargwado. Dokar gidajen gyaran hali ta Najeriya ta 2019 ta ɗauki wannan ruhi, ta kuma buɗe hanyar hukuncin yi wa al'umma hidima a maimakon ɗauri.

Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar shiga. A Gana ana ƙirga tara da ma'auni, kowane ma'auni sidi 12. A ɗauka an ci wata kayayo ko wani mai talla a bakin titin Nima tarar ma'auni 100 saboda karya dokar gari. Sidi 1,200 ke nan. Ga mai shago abin aljihu ne, ga mai dako kuwa watanni ne a bayan kanta, tare da horo mai tsanani. Laifi ɗaya, hukunci biyu, kuma aljihu ne ya raba su, kamar dai a zamanin tankas. Nsawam, wadda aka gina don mutanen da ba su kai dubu ba, ta sha ɗaukar fiye da dubu uku, kuma an shafe sama da shekara goma ana ware wa kowane fursuna sidi 1.80 na abincin yini. Ga kuma masu jiran shari'a, waɗanda kotu ba ta sama da laifi ba, saboda haka togaciyar yarjejeniyar 1930 ba ta shafe su ba sam. Yawansu ne ya sa aka fara shirin kai alƙalai cikin gidajen yari a 2007. A watan Disamba na 2020, Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha ta ba da fatawa cewa dokokin zaman banza da aka gada daga Turawa sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar, domin talauci suke hukuntawa.

Tarihi ya nuna cewa rubuta kalmar kotu a cikin doka bai isa ya tsarkake aikin dole ba. Kotu ce ta ɗaure leburan da ya bar ubangidansa a ƙarƙashin dokar 1877, kotu ce ta ci matar da aka ga tsutsa a randarta, kotu ce ta ɗaure Nkrumah. Halaccin da sashe na 16 ya bayar yana da nauyi ne gwargwadon adalcin dokar da ta ƙirƙiri laifin, da adalcin shari'ar da aka yi, da kuma inda amfanin gumin ke tafiya. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa, waɗanda tun da can su ke zuwa ofishin 'yan sanda belin ɗan unguwa, suna da hurumin yin waɗannan tambayoyi ga wakilansu a majalisa: mutum nawa ke tsare don sun kasa biyan tara, a gonar wa fursunoni ke noma, nawa ake ba su, kuma yaushe za a sami dokar da za ta ba alƙali damar sa mai ƙaramin laifi ya share kwatar unguwarsu ya kwana a gidansa? Kakannin mutanen Nima da Adabraka sun riƙe kulkin, sun kuma ɗauki bokitin. Jikokinsu sun fi kowa cancantar a ba su amsa.